Ƙasan Sheƙa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji a ƙasar Zugu ya san ihun da ake yi idan inuwar shirwa ta gifta tsakar gida. Yara su rarumi hoge, kaza ta baje fukafukai, 'yan tsaki su shige ƙarƙashinta. Kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa, in ji masu iya magana. Amma wata shekara 'yan tsakinmu suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ko gashin shirwa ba mu gani ba. Sai su rame, su saki fukafukai, gari na wayewa a tsinci gawa. Kakata ta gan ni da danƙo a hannu ina ta ɗaga kai sama, ta ce, "Kai yaro, bar kallon bisa. Ɗaga akurkin ka ga ƙasa nai." Na ɗaga. Ƙuma ce maƙil a cikin tsohuwar ciyawar da aka shimfiɗa, da rana ta lafe, dare na yi ta hau su da tsotso. Ta sa aka ƙone ciyawar, ta barbaɗe wurin da toka.

Na daɗe ban tuna da wannan rana ba, sai da na karanta labarin wasu ƙananan tsuntsaye na tsibiran Galafagos, masu nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Ekwado. A ido ba su wuce gwara ba. Charles Darwin ya tattara su a 1835, binciken ƙwayoyin halitta kuma ya nuna daga baya cewa 'yan dangin tanaja ne, babban dangin tsuntsaye masu waƙa na nahiyar Amurka, wanda ya haura kala 350. Sunan da suka yi a baki suka yi shi: wani nasa kauri don fasa iri mai tauri, wani siriri don tsinto ƙwari. A 2015 masana suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna ALX1 na cikin masu tsara ko bakin zai yi tsini ko ya dakushe.

To, wannan bakin ne wani baƙon ƙuda yake lalatawa. Sunansa Philornis downsi, an fara ganin tsutsarsa a sheƙunansu a 1997. Uwar ƙudan ba ta cizon kowa, ƙwai kawai take zubawa a sheƙa. Tsutsar kan fara zama a cikin hancin ɗan tsuntsu tana cin nama, in ta yi ƙwari ta sauka ƙasan sheƙa, ta riƙa fitowa da dare tana shan jini. Sau da yawa 'ya'yan sheƙa guda kan mutu kaf. Wanda ya sha da ƙyar kan tashi da ƙofar hanci a buɗe fiye da kima, waƙarsa ta gurɓace, ya sha wuyar samun mace. Iyayen kuwa suna ta kai da kawowa da abinci, suna gadin sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin. Wata mai bincike, Sarah Knutie, ta lura tsuntsayen na fizgar zare daga igiyar shanya suna kaiwa sheƙa. Sai ita da abokan aikinta suka rataya auduga a cikin ragar waya a tsibirin Santa Kurus, bayan sun jiƙa ta da permethrin, irin maganin da ake sa wa gidan sauro. Tsuntsayen suka kwasa da bakinsu, suka shimfiɗa. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna sheƙar da ta samu ko da giram ɗaya na audugar nan, kusan babu tsutsar da ta rayu a cikinta. Ba a hau bishiya ba, ba a taɓa ɗan kowa ba.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an yi mana fassarar wannan ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Abare da Yargalma da wasu ƙauyuka, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jini aka ga gubar dalma. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ne ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Ba na ganin laifin uban da ya ɗauko dutsen, don abincin 'ya'yansa ya je nema, kuma ido ba ya ganin dalma a cikin ƙura. Aikin ceton ma daga ƙasa aka fara shi: aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe a buhuna, aka zuba sabuwa, don ba amfanin ba yaro magani a mai da shi inda ya kwaso cutar. Bagega kuwa, da ita ma gubar ta shafa, sai a 2013 aka yi mata nata.

Da masu bincike suka riƙa tambayar mutanen ƙauyukan, sai aka tuna cewa tun kafin yara su fara kwanciya, agwagin gari ne suka fara mutuwa, su da kullum bakinsu ke cikin ƙasa.