Nasiha Ga Mutanen Birni: Kada Ilimin Riƙon Gida Ya Tafi Da Tsofaffinmu

 

Ya ku iyayena da 'yan'uwana mazauna cikin badala, daga gindin Dala zuwa Yakasai, daga Ƙofar Ruwa zuwa Ƙofar Na'isa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai wani ilimi da ke sulalewa daga gidajenmu, wanda ba a ba da takardar shaida a kansa, amma in babu shi gida ba ya zaunuwa. Shi ne ilimin riƙon gida: iya girki, da tsafta, da tattalin abin hannu, da taimakon maras lafiya kafin a kai shi asibiti, da gyaran abin da ya lalace tun bai girma ba.

Mu tuna cewa arzikin birnin nan daga tsakar gida ya taso. Lokacin da Bature matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa da rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne iyalai ne ke wannan aiki a gidajensu, ba a manyan masana'antu ba. Mata su gurje auduga su yi kaɗi, masaƙa su saƙa, marina irin na Ƙofar Mata su rina, maɗinka su ɗinka, sannan kaya su nufi Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki ma shaida ne.

A wancan zama na babban gida, yarinya ba ta sanin ranar da ta koyi tuƙin tuwo, don ta taso tana ganin kakarta da goggonta suna yi. Yaro kuma yana soro tare da baffansa, a aike shi awo, a sa shi miƙa ƙasa ranar yaɓe. Yau zama ya sauya. Ana ɗaura aure sai a kai amarya gidan haya a Ɗorayi ko Rijiyar Zaki, ita kaɗai ba babba kusa. Yara kuwa daga boko sai Islamiyya, in sun dawo waya na jiransu. Karatu alheri ne, ba mai ja. Sai dai abin da a dā ake tsinta ba tare da an sani ba, yanzu sai an zaunar da yaro an koya masa da gangan, mu kuwa ba mu lura ba.

Mu fara da tukunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin cefane ya koma. A irin wannan hali, macen da ta san kwano nawa gidanta ke ci a mako, ba ta dafa abin da za a zubar, ta taimaki mijinta taimakon da ƙarin albashi ma ba zai yi ba. Iyayenmu kan busar da kuɓewa da tumatir da tattasai lokacin da suka yi araha, su ajiye kuka da daddawa. Ragowar tuwo ya zama ɗumame, ƙanzo ma ba a yar da shi. Maigida mai ɗan hali ya sayi gero da masara da wake da kaka, ga Kasuwar Dawanau a kusa da mu, maimakon ya jira tsakiyar damina ya riƙa awon kwano-kwano da tsada. Amma a kiyayi barbaɗa wa hatsin ci maganin ƙwarin da ba a san ƙa'idarsa ba. A busar da shi sosai, a zuba a jarka ko buhu mai leda, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwaro zai mutu da kansa. Asusu da adashi kuma su dawo da martabarsu, a yi su don jari da lalura, ba don anko da gasar biki kawai ba.

Sai ruwa da tsafta. Gidajenmu na birni a manne suke da juna, lunguna matsattsu, sau da yawa rijiyar wannan gida tana maƙwabtaka da masan wancan. Da wannan kusancin amai da gudawa ke samun hanya in damina ta faɗi. A tafasa ruwan sha in ana shakkarsa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. Ledar da muke jefawa a kwata kuma ita ce ke toshe magudana har Jakara, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, mu koma sayen maganin zazzaɓi.

Kowane gida ya kamata a samu wanda ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tula ba. In akwai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ya fi. Yaro mai gudawa bushewar jiki ce ke kayar da shi, don haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a yanke masa nono. In idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini, to ba zama, sai Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na Murtala. Jariri kuma nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida. A adana katin rigakafi yadda ake adana takardar gida. Cutar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta fi yin ɓarna ne cikin yaran da ba a yi wa allura ba.

Ya ku maza, kada wani ya ce wannan zancen mata ne. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. To wane ne ya fi ƙarfin ɗaukar allura ko tsintsiya? Magidantan dā ba sa bari ruwan farko ya sauka ba su hau soro sun duba indararo, sun yaɓe tsaga, sun yashe kwatar ƙofar gida ba. Duk shekara muna jin ginin ƙasa ya rufta wa mutane, alhali tsagar ta daɗe tana gargaɗi. Haka da hunturu: kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, kada a tayar da janareto a cikin gida, don hayaƙinsu na kisa cikin barci. In an ji warin gas, a buɗe taga, a rufe tukunyar, kada a taɓa makunnin wuta. Saurayin da bai iya dafa wa kansa shinkafa ko wanke rigarsa ba, ranar da matarsa ta haihu ko ta kwanta ciwo, gidan zai tsaya cik.

Yawancin ƙorafin da ke kai ma'aurata gaban mai unguwa ko ofishin Hisba ba daga babban abu yake farawa ba. Cefane ne bai isa ba, ko ya isa an kasa juya shi. Ƙazanta ce, ko magana ce ba a iya faɗa ba. Muna shafe shekara muna tara lefe da kayan ɗaki da gara, amma wata ɗaya ba mu ware don koya wa ango da amarya yadda ake lissafin gida da yadda ake ba da haƙuri ba.

Saboda haka, iyaye mata, ku ja 'ya'yanku madafa, maza da mata, ko da za su ɓata miya sau ɗaya ko biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye maza, ku tafi da su kasuwa su ga yadda ake ciniki. Malaman Islamiyya, bayan babin tsarki ku ɗora da tsaftar ruwa da abinci. Limamai da masu unguwanni, ku sa ranar yashe kwata ku fara fitowa da kanku. Matasa kuma, duk mai kaka ko goggo a raye ya zauna gabanta ya tambaya tun tana iya amsawa.

Allah Ya sa albarka a gidajenmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, Ya zaunar da Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.