Darasi: Yadda Zuciya Ta ke Samun Tabbaci Wajen Yanke Shawara

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-35. A gida kuma a karanta sura 10, da 11:1-18, da 1 Sarakuna 12:1-20.

Ayar haddacewa: Ayyukan Manzanni 15:11.

Babu ekklesiyar da ba ta zaman shawara. Yau a kan zaɓen dattijo, gobe a kan ƙauyen da za a aika mai bishara, jibi a kan kuɗin baiko, ko a sa wa ɗakin sujada kwano, ko kuwa a fara gina wa fasto gida. Dukanmu mun sha ganin an yi taro, an ɗaga hannuwa, magatakarda ya rubuta, an rufe da addu'a, kowa ya tafi. Amma kafin mako ya kewayo sai maganar ta sake tashi a gindin itace da bakin rijiya, waɗansu kuma su janye hannunsu daga aikin. An yanke maganar a takarda, zukata kuwa ba su gamsu ba.

Abin da za mu bincika ke nan cikin wannan darasi: ƙaƙa mutum ya kan gamsu har ya tsaya a kan shawara da zuciya ɗaya? Za mu koya daga taron da manzanni da dattawa suka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Kristi. Wannan taro ya shafe mu ƙwarai, gama mu da mu ke sujada da Hausa, mutanen kabilai da harsuna dabam dabam, Al'ummai ne, maganarmu kuwa aka yi a ranan nan.

1. Maganar da ta tashi

A Antakiya ta Suriya Yahudawa da Al'ummai suna bin Yesu tare, a nan ne ma aka fara kiran masu bi Kirista. Sai waɗansu suka zo daga Yahudiya suna koyarwa, cewa wanda ba a yi masa kaciya bisa ga al'adar Musa ba, ba shi da ceto. Bulus da Barnaba suka yi gardama da su ƙwarai.

Kada mu yi saurin raina mutanen nan. Kaciya alama ce ta alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim, tun suna yara kuwa haka aka koya musu. Su ma suna da nasu tabbaci. Sai mu lura da wannan da kyau: mutum yana iya tabbatawa sarai cikin ransa, ya kuwa kasance cikin kuskure. Ƙarfin abin da mu ke ji a zuciya bai isa shaida ba.

Ekklesiyar Antakiya ba ta rufe maganar da ƙarfi ba, ko da shi ke tana da Bulus a wurinta. Ta aiki Bulus da Barnaba da waɗansu 'yan'uwa zuwa Urushalima, tafiyar kusan mil 300, ta Finikiya da Samariya. Sun ga wahalar tafiyar ta fi sauƙi a kan ekklesiya ta rabu biyu. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce, mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka.

2. An bar kowa ya faɗi abin da ke ransa

Da suka isa, waɗansu masu bi daga ɗarikar Farisiyawa suka miƙe, suka ce lalle sai an yi wa Al'ummai kaciya, a kuma umurce su su kiyaye Shari'ar Musa. Ba wanda ya kore su daga taron. Aya ta 7 ta nuna mana an yi muhawara mai yawa tun Bitrus bai buɗe baki ba.

Ku dubi wannan, ku dattawa da shugabannin ƙungiyoyi. Bitrus manzo ne, ya yi tafiya da Ubangiji, da ya so da ya yi magana da fari, kowa kuwa ya yi shiru don kunya. Amma ya jira. A cikin tarurrukanmu, in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, yaro ba ya iya musu, mata kuma su kan sunkuyar da kai. Sai mu ce an yarda. Girmama manya abu ne mai kyau, Littafi ma ya umurce mu da shi, amma shirun kunya dabam ne da shirun gamsuwa. Mutumin da ba a ji abin da ke damunsa ba, ko an kawo masa hujja goma, kunnensa yana wajen maganar da ya haɗiye. Sai ya fitar da ita tukuna zuciyarsa ta kan sami wurin karɓar wata.

3. Shaidar abin da Allah ya riga ya yi

Da Bitrus ya tashi, bai jingina ga matsayinsa ba. Ya tuna musu da abin da ya faru a gidan Karniliyas, jarumin Roma a Kaisariya, yadda Allah ya ba Al'ummai Ruhu Mai Tsarki daidai kamar yadda ya ba Yahudawa, ba tare da kaciya ba. Ya kuma tambaye su don me za su ɗora wa almajirai karkiyar da su kansu da kakanninsu suka kasa ɗauka.

Ya kamata mu tuna yadda Bitrus kansa ya gamsu, gama ba a cikin sa'a ɗaya ba ne. Yana addu'a a kan soro a Yafa, a gidan Saminu majemi, wajen tsakar rana, sai ya ga wahayi na dabbobin da Shari'a ta hana ci. Har sau uku aka nuna masa, duk da haka ya zauna yana ruɗewa a kan ma'anarsa. Sa'an nan mutum uku suka iso ƙofa daga wurin Karniliyas. Ruhu ya umurce shi ya bi su. Ya ɗauki 'yan'uwa shida, ya je, ya ji labarin Karniliyas daga bakinsa, yana cikin wa'azi kuwa Ruhu ya sauko wa masu ji a gaban idonsa. Abu bisa abu Allah ya jera masa har shakkarsa ta kau. In manzo ya bukaci wannan duka, kada mu yi fushi da ɗan'uwan da bai gamsu a zama na fari ba.

Mu lura kuma da 'yan'uwa shidan nan. Da aka tuhumi Bitrus a Urushalima don ya ci abinci da marasa kaciya, ba mafarkinsa kaɗai ya kawo ba, yana da shaidu. Idan wani ya zo taronmu ya ce Ubangiji ya nuna masa abu kaza, ba rashin bangaskiya ba ne mu tambaye shi abin da ya tabbatar da haka, da wanda ya gani tare da shi.

Bayan Bitrus, taron duka ya yi tsit, suka kasa kunne ga Barnaba da Bulus suna ba da labarin alamu da al'ajibai da Allah ya yi ta wurinsu cikin Al'ummai. Waɗanda suka yi ta gardama ɗazu, yanzu suna saurare. Gani ya kori ji.

4. Littafi ya hatimce maganar

Shaida kaɗai ba ta isa ba, gama abin da ido ya gani yana iya samun fassara biyu. Sai Yakubu, ɗan'uwan Ubangiji, ya ɗauki maganar Bitrus ya auna ta da annabawa. Ya kawo annabcin Amos 9:11-12, inda Allah ya yi alkawarin sake gina rusasshiyar bukkar Dawuda domin sauran mutane su nemi Ubangiji, har da Al'ummai da ake kira da sunansa.

Ga hikimar wannan. Masu neman kaciya mutanen Littafi ne, tsoronsu kuwa shi ne kada a karya maganar Allah. Yakubu ya amsa musu daga cikin Littafin da su ke girmamawa, ya nuna musu karɓar Al'ummai nufin Allah ne tun dā. Mutum ya kan gamsu sa'ad da aka amsa ainihin tsoronsa. In ana so a rinjayi ɗan'uwa, sai a fara sanin abin da ya ke gudu.

Mutanen Biriya, cikin sura 17, sun sami yabo domin kowace rana suna bin Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka ya ke. Mu kuwa tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Ba mu da hujja in mun yi taro na sa'a uku, Littafin yana rufe a kan tebur, ba a buɗe shi sai don karatun buɗe taro.

5. An kula da waɗanda ra'ayinsu bai ci ba

Shawarar da aka yanke ita ce kada a ɗora wa Al'ummai kaciya. A kan hanyar ceto ba a rage kome ba, alherin Ubangiji Yesu ne kaɗai. Amma aka umurce su su guji abu huɗu: abin da aka miƙa wa gumaka, da fasikanci, da naman abin da aka maƙure, da jini. Ta haka Bayahude mai bi ya iya zama a akushi ɗaya da ɗan'uwansa Ba'al'umme ba tare da lamirinsa ya sāke shi da damuwa ba. Ba a aika kowa gida da kunya ba.

Sa'an nan ba su aika takarda kaɗai ba. Suka zaɓi Yahuza Barsaba da Sila, manya cikin 'yan'uwa, su tafi su bayyana maganar da baki. Cikin wasiƙar sun amsa a fili cewa daga cikinsu ne masu tā da hankalin suka fito, ba kuwa da izininsu ba. Da aka karanta ta a Antakiya, jama'a suka yi murna. Shawarar da dattawa suka yanke a ɗaki, in ba a fito an bayyana dalilinta ga jama'a ba, ta kan zama abin zargi.

6. Sarkin da ya nemi shawara da kunne a toshe

Bari mu gwada wannan da Rehobowam ɗan Sulemanu, wajen shekara 930 kafin haihuwar Kristi. A Shekem jama'a suka roƙe shi ya sauƙaƙa musu aikin tilas na ubansa. Ya ce su ba shi kwana uku. Ya tambayi dattawan da suka yi wa Sulemanu hidima, suka ce ya yi wa mutane magana mai daɗi, ya bauta musu, su kuwa za su zama nasa har abada. Ya bar su, ya tafi wurin samarin da suka girma tare, suka ce ya ƙara tsanani. Nasu ya ɗauka. Kabila goma suka balle suka bi Yerobowam, mulkin kuwa bai ƙara haɗuwa ba.

A ganin ido Rehobowam ya yi daidai, gama ya jinkirta, ya kuma tambayi mutane. Amma cikin labarin duka ba mu ga inda ya nemi Ubangiji ba, ya kuwa yi ta yawo har ya sami bakin da ya faɗi abin da ya ke so ya ji. Wannan cuta tana kusa da kowannenmu. Saurayi ya riga ya ƙudura auren da zai yi, ko magidanci ya riga ya ƙudura sayar da gonar gado, sa'an nan ya bi gida gida yana neman mai cewa ya yi. Ga gwaji mai sauƙi: kafin mu tambayi kowa, mu tambayi kanmu ko akwai amsar da za ta iya juyar da mu. In babu, ba shawara mu ke nema ba.

7. Tabbaci yana bukatar tsaro

Kada mu zaci wanda ya gamsu sau ɗaya ya gama. Cikin Galatiyawa 2:11-14 mun ga Bitrus a Antakiya, bayan dukan abin da ya gani a gidan Karniliyas, ya daina ci tare da Al'ummai don tsoron waɗansu baƙi daga Urushalima, har Barnaba ma ya bi shi. Ba sabuwar hujja ce ta juyar da shi ba, idon mutane ne. Sai da Bulus ya tsauta masa a gaban kowa.

Akwai kuma maganar da 'yan'uwa na kirki ba za su zama ra'ayi ɗaya a kai nan da nan ba. A ƙarshen sura 15 ɗin nan, Bulus da Barnaba sun rabu a kan Yohanna Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya. Barnaba ya tafi Kubrus da shi, Bulus ya ɗauki Sila. Bayan shekaru, cikin 2 Timothawus 4:11, Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi. Wani tabbacin lokaci ne ya kan kawo shi. Saboda haka in mun saɓa, kada mu faɗi kalmar da za ta hana mu komawa ga juna.

Tambayoyi domin ƙungiya

1. Me ya sa Bitrus ya jira har aka yi muhawara mai yawa kafin ya yi magana?

2. Ku lissafta abubuwan da Allah ya jera wa Bitrus cikin sura 10 har ya gamsu.

3. Mene ne tsoron masu neman kaciya, ƙaƙa kuma Yakubu ya amsa shi?

4. A cikin taronmu, su wane ne su kan yi shiru? Me za mu yi domin mu ji su?

5. Kowa ya tuna da shawarar da ke gabansa a wannan mako. Akwai wanda ya ke gudun tambaya don ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka san zukatan mutane duka, mun gode maka da ka karɓe mu, mu Al'ummai, ta wurin alherin Ɗanka. Ka gafarta mana inda muka rufe bakin 'yan'uwanmu, da inda muka nemi shawara da kunne a toshe. Ka ba dattawanmu haƙurin saurare, ka ba ƙananan cikinmu ƙarfin hali su faɗi gaskiya da ladabi. Ka buɗe mana Maganarka duk sa'ad da muka zauna shawara, Ruhunka kuma ya bishe mu har mu tashi da zuciya ɗaya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.