Shi Kika Tsana Ko Halinsa?

'Yar'uwa, kalmomin ƙi hawa-hawa ne. "Ba na so" tana barin ƙofar gyara a buɗe. "Ina ƙyama" ta ƙazanta ce, abin da ake kau da kai a kansa. "Na tsane ka" kuwa takan haɗa mutum da laifinsa ta watsar. To, yaya za ki jefi ɗanki da ita don ya yi miki ƙarya? Gobe ya mance da ƙaryar, amma maganarki tana nan a ransa har ya girma. Ki ce tir da ƙarya, kada ki ce tir da kai. In kin tsane shi, wa zai jawo shi ya gyaru? Allah Ya sa mu iya bakinmu, amin.