Lambar da Gayya Ta Fasa

Mutanen Kurfai, manoman hatsi da wake, masu kiwon shanun Azawak a wajen Tukunus, mata masu lambu a Dallol Boso, masu amalanke da ƴan kabu-kabun Filinge, ku matso ku ji labarin wata lamba da aka ce ta gagari duniya.

Lissafi ba baƙonku ba ne. Mai ƙuli-ƙuli a bakin tasha ta san jika dala 200 ce, kuma za ta raba ta gida biyu, ko huɗu, ko biyar, ba takarda ba alƙalami. In aka yi ta raba 200 har rabo ya ƙare, abin da za a tarar shi ne 2×2×2×5×5. Irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13 ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kuma kowace lamba, komai tsawonta, su ne tushenta. Sai dai ƙullawa ta fi kwancewa sauƙi. Ɗan makaranta zai ninka 89 da 97 ya samu 8633 nan take. Amma miƙa masa 8633 ka ce ya nemo waɗanda suka haife ta, sai ya yi ta gwaji har gumi ya keto masa. Da wannan wuyar ake tsare kuɗi da saƙonni masu yawa a intanet.

A 1977, masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da wata lamba da sai an jera alƙaluma 129 kafin a gama rubuta ta. Suka sa dalar Amurka 100 ga duk wanda ya gano lambobi biyun da aka ninka aka same ta. An ƙiyasta cewa aikin zai ci shekarun da suka fi na duniya yawa nesa ba kusa ba.

Shekara 17 kawai ta yi. A 1993 aka kira gayya. Mutane kusan 600 daga ƙasashe sama da 20 suka amsa, da kwamfuta kusan 1,600, kowa ya karɓi ɗan yankinsa yana aiki yana aiko da abin da ya samu. Bayan wata takwas, a Afrilun 1994, lambar ta dare biyu: ɗaya mai alƙaluma 64, ɗaya mai 65. Kuɗin ladar ma kyautar da su suka yi.

Yawan hannu kaɗai bai isa ba, sun haɗa da sabuwar dabarar tace lambobi wadda Carl Pomerance ya fito da ita a 1981. Ku ma kun san haka. Faƙon da mutum ɗaya zai duba ya juya baya, in gari ya fito aka haƙa tassa da rabin wata, aka zuba taki, ruwan damina sai ya tsaya, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta yi.

To, kada girman matsala ya karya muku gwiwa. Bashi ne, ko rijiyar da ta rufta, ko rumbun da ya ƙare tun kafin bazara? Ku zauna ku kasa ta kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Ku riƙe adashi, ku raya gayya, kuma ku karɓi dabarar da ta fi ta jiya. Ku bar yara, maza da mata, su yi karatu, domin ƙasar Hausa ta taɓa fitar da gwanin lissafi irin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ku ɗaura ɗamara, Kurfayawa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa wa guminku albarka.