Laifin Wa Ne?

'Yan'uwa, cikin jarirai kamar 5,000 akan haifi ɗaya ba ƙofar dubura, ko kuwa tana inda bai kamata ba. Likitoci sukan yi masa fiɗa su buɗe hanya, aikin kuwa ya ƙara kyau tun 1982, sa'ad da Likita Alberto Peña ya bayyana dabararsa. Amma wuƙar likita ba ta iya halitta naman da ke riƙe bayan gida, ko jijiyar da ke sanar da yaro lokaci ya yi. Saboda haka waɗansu har su balaga suna ɓata wando.

To, daidai ne mu doke su, mu ce ƙiwuya ce? Laifi yana bin abin da mutum ya yi da nufi. Wanda bai ji fitowar abu ba, ina nufinsa? Almajirai ma sun nemi mai laifi a kan makahon nan na Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa bai ɗora wa kowa ba.

Wankin hanji kowace rana, yadda likita ya koya, yakan tsare yara da yawa da tsabta yini guda. Malamin makarantar Lahadi kuma ya bar yaron ya fita ba tambaya, ya hana dariya, kada ya ware masa benci.