LIBARBA A ƘARƘASHIN RIGA

 

Tun daga ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri cikin watan Yuni na 2021, har zuwa farmakin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024, maganar makami ta shiga kowane zaure a Jihar Kebbi. Ɗan kasuwar da ya taso daga Malisa ko Kalgo ya nufi Jega da kuɗi a jikinsa ba za a ga laifinsa ba in ya tambaya: shin ya halatta ya nemi 'yar ƙaramar bindigar nan da ake kira libarba, ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga?

Kare kai dai babu jayayya a kan halaccinsa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. A cikin Suratun Nisa'i kuma an umurci mayaƙa su riƙe makamansu ko da suna cikin salla, in ana fargabar abokan gaba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta tunkuɗe mai kawo farmaki, bayan an yi masa gargaɗi in mai fahimtar gargaɗi ne, a kuma fara da abin da ya fi sauƙi. Saboda haka duk wanda ya ce Musulunci ya umurci mutum ya miƙa wuya ga ɓarawo, to bai karanta ba.

Amma fa tambayar ba a kan makami kawai take ba, a kan wani irin makami ne na musamman, don haka sai mu dube shi. Libarba mai gajeren baki, bututunta galibi kusan inci 2 ne, tana kuma ɗaukar harsashi 5 ko 6 a cikin wani ɗan gangan ƙarfe mai juyawa. Kamfanin Colt na Amurka ya fito da irinta a 1927 domin 'yan sandan ciki, Smith & Wesson kuma ya biyo da tasa a 1950. An gajarta bakin ne domin ta ɓuya a aljihu, gajartar kuwa tana da farashi: harsashi yakan fita kafin albarushi ya gama ba shi ƙarfi, saiti kuma ya yi wuya, har gwanaye ma ba su dogara da ita sai a tazarar taku kaɗan. Ɗan bindigar daji kuwa AK-47 yake riƙe da ita, mai cin harsashi 30, mai samun mutum daga ɗaruruwan mitoci, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba.

To, in haka ne, wa libarba za ta harba? Wanda yake kusa. Su wa ke kusa da mutum a kwanakin rayuwarsa? Matarsa, da ƙanensa da suke rigimar gado, da maƙwabcin da suke jayayyar iyakar gona, da abokin cinikin da ya riƙe masa bashi, da yaronsa wanda zai laluba aljihun rigar da aka rataye. Ɓarawo kam wataƙila ya zo sau ɗaya a shekara goma, wataƙila ma bai zo ba sam. Fushi kuwa baƙon kullum ne. Kisan farko da aka yi a bayan ƙasa, kamar yadda Suratul Ma'ida ta ba da labari, tsakanin wa da ƙane ya faru.

Wannan ne ya sa hadisan da suka shafi makami a cikin jama'a suka yi tsanani. An umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu, kada ya yanki wani. An hana miƙa takobi a zare. An hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannun. Buhari ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, da Hajjaju ya zo gaishe shi sai ya ɗora masa alhakin, don shi ya bari aka ɗauki makami a rana da wurin da ba a ɗauka. A lura, duk waɗannan makamai ne da ido ke gani. Mai takobi a kafaɗa, abokin gardamarsa ya san inda zai tsaya, dattawa kuma sun san wanda za su fara riƙewa. Mai libarba a aljihu kuwa shi kaɗai ya san cewa cacar bakin nan tana iya ƙarewa da gawa.

Sai batun harsashi, wanda masu wannan bindiga a Amurka suke doguwar muhawara a kansa. Akwai mai rufin tagulla, wanda yakan ratsa jiki ya fita ya sami na baya. Akwai kuma mai rami a baki, wanda yakan buɗe kamar fure a cikin jiki ya tsaya, sai dai ɓarnarsa ta fi yawa, har ƙasashe suka haramta irinsa a yaƙi a taron Heg na 1899. Zaɓin ke nan: ko ka ƙara wa wanda ka nufa rauni, ko ka sa wanda bai ji ba bai gani ba cikin haɗari. Yanzu a sawwala wannan a kasuwa mai cunkoso. Wanda ya kashe bisa kuskure, akwai diyyar raƙumi 100 ko dinari 1,000 a kan danginsa, shi kuma ga kaffara. Wanda kuma ya ja kunama cikin fushi, kada ya ce bai yi nufin kisa ba, domin a mashhurin mazhabar Imamu Malik kisa iri biyu ne kawai, ganganci da kuskure, bugun fushi kuwa ganganci ne, hukuncinsa ƙisasi.

Wani zai ce, ai ɗan fashi mai wuƙa shi ma kusa yake zuwa. Gaskiya ne, kuma a irin wannan dare libarba tana iya ceton rai. Ba na musun haka. Amma Shari'a ba ta auna abu da dare ɗaya, tana auna shi ne da abin da ya fi rinjaye, kuma kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, alhali bindigar farauta lasinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, adaka kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar 1984 ta yanka tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasin. Ko da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce jama'a su nemi bindiga a 2022, hanyar lasin ya nuna musu.

Sai dai hanin nan yana da nauyi a kan mai hanawa. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Liya'ul Hukkami ne a kan abin da ke wuyan masu mulki, hukumar da ta karɓe makami daga aljihun talaka kuwa ta ɗauki tsaron hanyarsa da gonarsa a wuyanta. Ɗan kasuwar Malisa da ya haƙura ya bar libarba yana da haƙƙin ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa da ɗan majalisarsa, a bainar jama'a, jami'an tsaro nawa ne ke kwana a kan hanyar da yake bi zuwa Jega.