Farfesun kifi a Kafanchan: na wa za a ci?

Kafanchan ba ta da teku, amma ta daɗe da sanin ɗanɗanonsa. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, tsakanin Fatakwal da Kaduna da Jos, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar kudu suke shigowa da busasshen kifi da jatan lande. Yau kuwa tarwada ce ke juyi cikin baho a ƙofar gidan abinci, mai saye ya nuna wadda yake so, a yi masa farfesu da cittar Kachia ko ta Kwoi. A garin da rikicin 1987 da na 2011 suka raba unguwanni, tambayar ko Musulmi zai ci girkin Kirista ba ƙarama ba ce, kuma a ganina kifi ya fi kowane abinci sauƙaƙa amsarta.

Abin da ke sa Musulmi ɗari-ɗari da naman gidan abinci shi ne yanka: wa ya yanka, da sunan wa? Kifi bai san wannan rigimar ba. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka samo daga ruwa, hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya halatta har mushensa, mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa ba ta ware ƙaguwa ko jatan lande ba. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Aya ta 5 ta surar ta halatta abincin Ahlul Kitabi. Kirista ma ya san Yesu ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, kamar yadda Luka ya rubuta. To, idan nassi ya buɗe ƙofa, me ya rage?

Tukunya ta rage, kuma masu ƙorafi a kanta ba su yi ƙarya ba. Halaccin kifi ba ya wanke kaskon da aka soya naman alade a ciki, ba ya kuma halatta zama a teburin da ake shan giya, alhali a wurare da dama farfesu da kwalba tare suke tafiya. Wanda ya ga haka ya juya, ya yi daidai. Sai dai laifin na wurin ne, ba na addinin mai girki ba. Hadisin Abu Sa'alaba ya ce idan babu wasu kwanuka sai na Ahlul Kitabi, a wanke a ci. Ashe abin da ake nema shi ne tsabta da amana, su kuwa ana gane su ne da ido da tambaya, ba da sunan mai shago ba. Akwai Musulmin da zai sayar maka da kifin da ya kwana ya rantse na yau ne.

Nauyin ya fi yawa a kan mai gidan abinci, domin shi kaɗai ya san abin da ya shiga tukunyarsa. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa kada abinci ya sa wani tuntuɓe. Ka ware wa kifi tukunyarsa da ludayinsa, ka nisanta kwalba daga teburin iyali, wanda ya tambaye ka ka faɗa masa gaskiya ko da ciniki zai kuɓuce. Kai kuma mai saye, idan ka ga an yi haka, shiga ka zauna, ka yi bisimilla ka ci.